Ƙafar da Ba Ta Girma

A jikin dirkar gidanmu ta gabas
akwai zane bakwai da na yi da bakin lauje.
Kowace kaka, in shinkafa ta nuna,
sai in jingina Kunthea da itacen,
in ɗora tafin hannu a kanta, in ja layi.

Sauran iyaye a Samlot
murna suke yi in layi ya hau.
Ni lissafi nake yi.
Yarinya tana girma,
ƙafar roba tana nan yadda aka ƙera ta.

Nakiyar ta girmi ubanta.
An binne ta tun kakarta na budurwa,
ta kwanta a bakin gonar rogo,
ba ta ruɓa, ba ta mantuwa,
har ranar da 'yar shekara biyar
ta bi ɗan maraƙin da ya tsinke igiya.
Ba zan faɗi sauran ba.
Tsuntsaye sun tashi. Shi ke nan.

Ƙafa ta farko a Battambang muka samo.
Kyauta ce, suka ce, kuma ba su yi ƙarya ba.
Amma mota ba kyauta ba ce,
kwana huɗu a birni ba kyauta ba ne,
ga gona can babu mai korar tsuntsu.
Na sayar da agwagi shida
da tukunyar da muke dafa ruwan giginya.

Wata goma sha huɗu ta yi mata,
daga nan bakin ƙafar ya fara cizo.
Ba ta gaya mini ba.
A hanyar makaranta takan ɓuya bayan ayaba,
ta kwance maɗauri, ta hura wa dungun iska.
A wurin wanki na gani: jini a safa,
ɗan ƙanƙani, kamar an murƙushe sauro.

"Me ya sa kika yi shiru?"
"Saura agwagi biyu, Inna."

Shekara bakwai, ƙafa uku.
An ce ninkin haka ya kamata.

Bana ne Vibol ya fara zuwa,
kan babur, da akwati ɗaure a baya,
duk Larabar farko ta wata,
ƙarƙashin rumfar gidan ibada.
Garin filasta, magagari, ƙusoshi a gwangwanin madara,
da littafi mai sunan ƙauye goma sha ɗaya.
Bai tambaye ta ko tana jin zafi ba.
Ya naɗe wandonsa,
ya ƙwanƙwasa ƙaurinsa da guduma,
ƙwas, ƙwas,
ya ce, "Tawa ta tara ke nan. Ke fa, ta nawa?"
Ta yi dariya har ta riƙe benci.

Jama'a sun taru ranar:
tsoho Samnang da kekensa ya shekara da fasasshiyar taya,
wata mai saƙa da na'urar kunnenta ta yi shiru
don rashin batir da bai kai ƙwayar wake ba.
Mutum ɗaya ne, babur ɗaya,
in ruwa ya haɗiye gada ba ya zuwa.
Na sani. Watan jiya bai zo ba.

Amma in ya zo, tana gindin akwatin,
tana miƙa masa magagari kafin ya nema,
tana tambayar abin da ke sa dunduniya
cinyewa ta gefe guda.

Jiya da yamma ita ta ɗauko laujen.
Ta jingina da dirka, ta miƙe zam,
ba ta lanƙwasa gwiwa kamar bara
don ta rage mini tsawo ba.
Na ja layi na takwas.
Yatsa uku ya hau.
Ta duba, ta ce, "Ran Laraba a gaya masa."

Sannan ta hau tsanin katako,
taku ɗaya shiru, taku ɗaya ƙwas,
ta je ɗora shinkafa.